Dokokin Jihohin Amurka Kan Sinadarai Masu Guba: Tambayoyi da Amsoshi

Ana saura kwana uku sallah ƙanwata ta sayo jakar hannu a wajen masu gwanjo, sabuwa ful, ko takardar jikinta ba a cire ba. Da ta zuge zip ɗin aljihun ciki sai ta ci karo da wata 'yar takarda mai alama rawaya mai kusurwa uku, da rubutun Turanci a ƙasa. Kalma ɗaya ta tsaya mata a rai, wato kansa, ciwon daji ke nan. Ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, wai jakar nan ciwon daji take sawa? Na riga na saƙala ta sau biyu." Wannan takarda daga jihar Kalifoniya ta fito, kuma tana bayyana a jikin cajar waya, da takalma, da kayan girki, da kayan gyaran mota da ake shigowa da su kasuwanninmu. Bayanin da na yi mata a ranar bai ishe ni ba, shi ya sa na zauna na tara tambayoyin da ake yawan yi a kan wannan doka da 'yan uwanta.

Wace doka ce ta sa ake manna wannan takardar?

Ana kiranta Ƙuduri na 65. Jama'ar Kalifoniya ne da kansu suka kafa ta ta hanyar ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba na 1986, inda kusan kashi 63 cikin ɗari suka amince. Abu biyu ta ƙunsa. Na farko, ta hana kamfani zubar da sinadarin da aka san yana jawo ciwon daji ko yana cutar da haihuwa a inda zai gangara cikin ruwan sha. Na biyu, ta ce kafin ka sa mutum ya yi mu'amala da irin wannan sinadari, sai ka faɗa masa ƙarara.

Gwamnatin jihar tana riƙe da jerin sunayen sinadaran, tana sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma yanzu ya kai wajen 900. Akwai dalma a ciki, da zaiba wadda wasu ke kira makuri, da benzin, da hayaƙin taba, da wasu sinadaran da ke sa roba ta yi laushi. Dokar ba ta hawa kan ƙaramin ɗan kasuwar da ma'aikatansa ba su kai 10 ba.

To wannan na nufin duk kayan da ke ɗauke da takardar zai sa mutum ciwon daji?

A'a. Takardar tana cewa ne akwai sinadarin da ke cikin jerin, kuma kamfanin bai tabbatar cewa adadinsa ya gaza ma'aunin da jihar ta gindaya ba. Ma'aunin kuwa mai tsauri ne ƙwarai. A ɓangaren ciwon daji, adadin da ba ya buƙatar gargaɗi shi ne wanda in mutum 100,000 suka yi shekara 70 suna mu'amala da shi, ba zai ƙara fiye da mutum ɗaya a kan masu kamuwa ba. A ɓangaren haihuwa, ana ɗaukar adadin da aka gwada ba a ga ya yi illa ba, a raba shi gida 1,000, kashi ɗaya shi ne iyaka.

Don haka jakar da ake ratayawa a kafaɗa daban, cokalin da yaro ke tsotsa daban, ko da takarda iri ɗaya ce a jikinsu. Abin dubawa shi ne ta wace hanya sinadarin zai shiga jiki: ta baki, ta numfashi ko ta fata, kuma sau nawa.

Me ya sa jihohi ke yin irin wannan doka? Ina gwamnatin tarayyar Amurka?

Nan ne gizo ke saƙar. Amurka tana da dokar tarayya kan sinadarai tun 1976, amma da gurgunta aka haife ta. Ranar da ta fara aiki, sinadarai kusan 62,000 da suka riga suka shiga kasuwa aka bar su su ci gaba da yawo ba tare da an gwada su ba. Aka kuma ɗora wa hukumar kare muhalli ta tarayya, EPA, nauyin kawo hujjar cewa sinadari yana da illa kafin ta taɓa shi, alhali bayanan da za ta kafa hujjar da su suna hannun kamfanin da ya ƙera shi.

Labarin asbestos ya isa misali. Wannan abu da ake yin silin da rufi da birkin mota da shi, likitoci sun daɗe da sanin ƙurarsa tana lalata huhu tana jawo ciwon daji. EPA ta shafe wajen shekara goma tana tara hujja, ta haramta shi a 1989. A 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe mafi yawan haramcin, a kan cewa hukumar ba ta nuna ta zaɓi hanyar da ta fi sauƙi ga masana'antu ba. Tun daga nan gwiwar hukumar ta yi sanyi. In asbestos ya gagara, wane sinadari ne zai hanu? Sai a watan Maris na 2024 aka samu haramta nau'in da ya rage ana shigowa da shi ƙasar.

Jihohi sun ga an bar gida ba mai gadi, suka fara kare mutanensu da kansu. Tsarin mulkin ƙasar ya bar musu ikon kula da lafiyar jama'arsu, da wannan ikon suka yi aiki. Abin da ya fi burge ni a dokokinsu shi ne yadda suka juya tambayar. A da ana ce wa uwar da ɗanta ya kamu da cuta ta kawo shaida. Dokar Kalifoniya ta ce wa kamfani: kai ka kawo shaidar cewa adadin da ke cikin kayanka bai kai na cutarwa ba, in ba haka ba ka faɗa wa mai saye.

Wa ke bin diddigin kamfanonin da suka ƙi bin dokar Kalifoniya?

Babban lauyan gwamnatin jihar da masu gabatar da ƙara na gundumomi suna da hurumi. Amma haƙoran dokar suna wani wuri: kowane mutum ko ƙungiya na iya kai kamfani kotu a madadin jama'a. Sharaɗin shi ne ya ba da sanarwar kwana 60 ga kamfanin da hukuma. In hukuma ba ta ɗauki ƙarar ba, shi ya ci gaba. Tarar tana iya kai dala 2,500 a kullum a kan kowane laifi, kuma wanda ya shigar da ƙarar yana samun kashi ɗaya cikin huɗu na tarar.

Ta wannan hanya aka tilasta rage dalma a cikin alewar yara, da sarƙoƙi da 'yan kunnen ado, da kan famfo, da fentin kwanukan tangaran. A 2012 kamfanonin Coca-Cola da Pepsi sun sauya yadda ake haɗa launin ruwan ƙasa na lemonsu don rage wani sinadari da ya shiga jerin, saboda ba su son a ga kalmar kansa a jikin gwangwaninsu. A Kalifoniya aka fara sauyin, daga baya kamfanonin suka faɗaɗa shi zuwa sauran ƙasar. Jihar tana da mutum kusan miliyan 39, babu kamfanin da zai juya wa kasuwa irin wannan baya.

Ba a ce gargaɗin ya yi yawa har mutane sun daina kula shi ba?

An faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Kamfanoni da yawa sun gano cewa manna takarda ya fi arha a kan gwada kaya, sai suka riƙa manna ta a komai. Ana ganinta a ƙofar otal, a wurin ajiye motoci, a gidan cin abinci. A 2018 wani alƙali a Los Anjeles ya yanke cewa gahawa ma sai da gargaɗi, saboda wani sinadari da ke fitowa lokacin da ake gasa ƙwayarta. Hukumar jihar da kanta ta fito a 2019 ta cire gahawa daga ciki. Akwai kuma lauyoyin da suka mai da shigar da ƙara sana'a, inda kuɗin aikinsu ya fi tarar da ke shiga asusun jiha.

An yi gyara a watan Agusta na 2018: aka kawo alamar nan rawaya, aka ce cikakken gargaɗi ya ambaci sunan aƙalla sinadari ɗaya. Ni dai a ganina amfanin dokar ba a takardun da muke gani yake ba. Yana cikin kayan da aka canja wa haɗi a ɓoye don kada a manna musu takardar, waɗanda mai saye ba zai taɓa sanin an tsare shi daga wani abu ba.

Akwai jihar da ta bi wata hanya ban da gargaɗi?

Massachusetts ta bi, kuma hanyarta ta fi kwanta mini. Dokarta ta 1989 ba ta haramta komai kai tsaye ba. Ta ce duk masana'antar da ke amfani da sinadarai masu guba da yawa sai ta yi abu uku: ta bayyana adadin da take amfani da shi duk shekara, ta biya kuɗi a kansa, kuma duk bayan shekara biyu ta zauna ta rubuta tsarin yadda za ta rage. Ba a tilasta mata aiwatar da tsarin, rubutawar ce dole. Kuɗin da aka tara ana riƙe wata cibiya da shi a jami'ar jihar da ke garin Lowell, wadda ke taimaka wa masana'antu su nemo madadin da ya fi aminci.

Hikimar ita ce, manaja da yawa bai san asarar da yake yi ba sai ranar da aka sa shi ya lissafa. Da ya ga gangunan sinadarin wanke ƙarfe nawa yake saye, nawa ke tashi a iska, nawa yake biya a kwashe dattin, shi da kansa yake neman mafita. Burin dokar shi ne a rage dattin guba da rabi, kuma an kai ga hakan kafin ƙarshen shekarun 1990.

Yaya batun kayan yara?

A 2007 aka janye miliyoyin kayan wasan yara daga kasuwannin Amurka saboda fentinsu na ɗauke da dalma, ciki har da na babban kamfanin Mattel. Hankalin iyaye ya tashi. A 2008 jihohin Washinton da Maine suka kafa dokokin da ke tilasta wa masu ƙera kayan yara su bayyana wa hukuma sinadarai masu haɗari da ke cikin kayansu, Washinton kuma ta sa iyaka a kan dalma da kadmiyom da sinadaran laushin roba.

Sai batun fidar jarirai. Akwai wani sinadari, BPA, da ake yin roba mai tauri da shi, wanda ke kwaikwayon sinadarin halittar mace a cikin jiki, kuma yana narkewa cikin madara musamman in ta yi zafi. Minesota ce jihar farko da ta hana shi a fida da kofin yara a 2009, wasu suka biyo baya. Kafin hukumar abinci da magunguna ta tarayya ta cire shi a hukumance a 2012, kamfanoni sun riga sun daina. Sai dai an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin wasu sun maye gurbinsa da ɗan uwansa BPS, wanda bincike ya nuna halinsu ya yi kama. Wannan darasi ne ya sa sababbin dokoki suka koma hana dangin sinadari gaba ɗaya maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne PFAS da ake ta maganarsa yanzu?

Dangi ne na sinadarai dubbai da ɗan Adam ya ƙirƙira tun shekarun 1940. Ruwa ba ya kama su, mai ba ya kama su, zafi ba ya narka su. Shi ya sa ake sa su a kaskon da abinci ba ya kamawa, da rigar ruwa, da kafet, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobarar fetur. Wannan ƙarfin nasu shi ne masifarsu: ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, wasunsu kuma suna shekaru a cikin jinin mutum. Gwaje-gwajen hukumar lafiya ta Amurka sun same su a jinin kusan kowane Ba'amurke.

Mafi yawan abin da aka sani game da illarsu ya fito ne daga yankin Parkersburg a jihar West Virginia, inda masana'antar DuPont ta gurɓata ruwan sha. Bayan shari'a aka gwada jinin mutum kusan 69,000, kwamitin masana ya kyautata zaton akwai alaƙa tsakanin nau'in da ake kira PFOA da cututtuka shida, ciki har da ciwon dajin ƙoda, da na maraina, da ciwon maƙoƙo, da hawan jinin masu juna biyu. A watan Afrilu na 2024 EPA ta sa iyakar kashi 4 cikin tiriliyan a ruwan sha ga PFOA da ɗan uwansa PFOS. Kashi ɗaya cikin tiriliyan kamar ɗigo guda ne a cikin manyan tafkunan gasar ninkaya guda 20. Kafin tarayya ta kai nan, jihohi irin su New Jersey da Michigan sun riga sun sa tasu iyakar.

Wace ce Amara, da aka sa wa dokar Minesota kan PFAS sunanta?

Amara Strande yarinya ce da ta tashi a gabashin birnin Saint Paul, yankin da kamfanin 3M ya zubar da dattin PFAS tun daga shekarun 1950 har zuwa na 1970, ya bi ƙasa ya shiga rijiyoyin burtsatse. Gwamnatin jihar ta maka kamfanin a kotu a 2010, aka sasanta a 2018 a kan dala miliyan 850.

Amara tana shekara 15 aka gano tana da wani nau'in ciwon dajin hanta da ba kasafai ake samunsa ba. An yi mata tiyata fiye da 20. Babu likitan da zai iya rantsuwa cewa ruwan ne ya jawo nata ciwon, haka lamarin guba yake, da wuya a ɗaura cutar mutum ɗaya a wuyan sinadari ɗaya. Amma ita ta ga 'yan makarantarsu da dama sun kamu da ciwon daji, ta kuma ƙi yin shiru. A watanninta na ƙarshe, ciwo na cinta, ta riƙa zuwa majalisar dokokin jihar tana ba da shaida a gaban kwamitoci. Ta rasu a watan Afrilu na 2023, saura kwana biyu ta cika shekara 21. A watan Mayu gwamna Tim Walz ya sa hannu a dokar.

Daga 1 ga Janairu 2025 an hana sayar da kaya iri 11 da aka sa wa PFAS da gangan, ciki har da tukwane da kasko, da kayan kwalliya, da kafet, da kayan jarirai, da audugar mata, da zaren sakace. Daga 2032 haramcin zai hau kan kowane kaya, sai wanda aka tabbatar ba makawa sai da shi. Shi kansa 3M ya sanar a ƙarshen 2022 cewa zai daina ƙera waɗannan sinadarai.

Me ya kai manoma cikin wannan magana?

A jihar Maine, shekara da shekaru hukuma tana ƙarfafa wa manoma gwiwa su karɓi laka da ake kwashewa daga matatun ruwan kwatami su zuba a gona a matsayin taki. Kyauta ce ko kusa da kyauta, kuma amfani yana kyau. Ba wanda ya gaya musu lakar tana ɗauke da PFAS daga masana'antun takarda da gidaje. A 2016 aka gano shi a wata gonar shanun madara a garin Arundel: a ƙasa, a rijiya, a ciyawa, a nonon shanu, har a jinin masu gonar. Daga nan aka yi ta gano wasu gonakin. Mutumin da ya gaji gona daga kakanni ya wayi gari ba ya iya sayar da nono, ba ya iya sayar da nama, gonar ma ba mai saye.

A 2021 Maine ta zama jihar farko da ta kafa dokar raba kasuwarta da PFAS gaba ɗaya. A 2022 ta zama ta farko da ta hana zuba irin wannan laka a gona, ta kuma ware dala miliyan 60 don tallafa wa manoman da abin ya shafa. A 2024 majalisar ta sassauta wa'adin babban haramcin daga 2030 zuwa 2032 bayan kamfanoni sun yi ta kukan ba za su iya ba.

Dokokin nan lafiyar mutum kaɗai suke dubawa?

Har da dabbobi da ruwa. A ƙoramun da ke kewaye da birnin Seattle, an daɗe ana ganin wani nau'in kifin salmon yana mutuwa bayan an yi ruwan sama, kafin ya kai ga yin ƙwai. A 2020 masana a jami'ar Washinton suka gano dalili: wani sinadari, 6PPD, da ake sa wa tayar mota don kada ta tsattsage. In ya haɗu da iska sai ya rikiɗe ya zama guba, ruwan sama ya wanke ƙurar taya daga titi zuwa ƙorama. A 2023 Kalifoniya ta umarci masu ƙera taya su fara neman madadinsa, a ƙarƙashin wani tsari nata da ke tambayar kamfani abu biyu: sinadarin nan dole ne? Akwai wanda ya fi shi aminci?

Dokar jiha ta taɓa yin ɓarna maimakon gyara?

Ta taɓa, kuma bai kamata a ɓoye ba. A 1975 Kalifoniya ta kafa ƙa'idar cewa soson cikin kujera sai ya jure harshen wuta na daƙiƙa 12 bai kama ba. Niyyar mai kyau ce, a rage mutuwar gobara. Hanya mafi arha ta cika sharaɗin ita ce a cusa wa soson sinadaran hana kama wuta. Girman kasuwar jihar ya sa kujerun ƙasar baki ɗaya suka koma haka. Sinadaran suka riƙa fita suna bin ƙurar ɗaki, yara masu rarrafe suna kai su baki, aka same su a nonon uwa da yawan da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba. Bincike ya danganta wasunsu da matsalar ƙwaƙwalwar yara. Daga baya kuma ta bayyana cewa kariyar da suke bayarwa a gobara ta gaske ba ta taka kara ta karya ba, domin yadin kujera ne ke fara kamawa.

A 2012 jaridar Chicago Tribune ta tona yadda masu ƙera sinadaran suka kafa ƙungiyar bogi da sunan masu kishin kare jama'a daga gobara don su tsare ƙa'idar. Gwamna Jerry Brown ya ba da umarnin a sake ta, sabuwar ta fito a 2013. Kusan shekara 40 ke nan ana shaƙar kuskuren doka guda.

Me kamfanoni ke cewa, kuma tarayya ba ta iya soke dokar jiha?

Babban kukansu shi ne jihohi 50 da dokoki 50: wannan ta hana abu, waccan ta yarda, ma'anar PFAS ma ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Kukan yana da tushe, musamman ga ƙaramin kamfanin da ke sayo sassan kayansa daga ƙasashe da yawa bai san abin da ke ciki ba. Wannan matsin ne ma ya sa masana'antu suka yarda a gyara dokar 1976. Shugaba Barack Obama ya sa hannu a gyaran a watan Yuni na 2016, aka ba EPA ikon duba sinadari ta fuskar lafiya ba tare da auna tsadar gyara ba. A madadin haka, in EPA ta yanke hukunci a kan wani sinadari, jiha ba za ta yi sabuwar doka mai karo da shi ba. Amma an bar tsofaffin dokoki irin na Kalifoniya da Massachusetts yadda suke. Da yake hukumar tana ɗaukar shekaru a kan sinadari guda, kuma manufarta tana sauyawa in gwamnati ta sauya, filin da ya rage wa jihohi yana da faɗi.

Abinci da kayan shafa fa?

A 2023 Kalifoniya ta hana sinadarai huɗu a abinci daga 2027, ciki har da wani jan launi da ake sa wa alewa, da kuma bromet ɗin da ake sa wa fulawa don burodi ya kumbura. Wanda ya san zamanin marigayiya Dora Akunyili a NAFDAC zai tuna cewa Najeriya ta hana bromet a burodi tun farkon shekarun 2000, wato ta riga Kalifoniya da wajen shekara 20. Matsalarmu ita ce bin gidajen burodi a tabbatar an daina.

A kayan shafa, Minesota ta hana zaiba tun 2008, kuma hukumominta sun sha gano ta a mayukan bilicin da ake sayarwa a shagunan baƙi 'yan Afirka da Asiya. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma bin tawul da zanin gado ta kai ga jaririn da bai taɓa shafa man ba. Dokar Kalifoniya ta 2020, wadda ta fara aiki a 2025, ta hana sinadarai 24 a kayan kwalliya.

Jihohin Najeriya za su iya yin irin wannan?

Ikonsu bai kai na jihohin Amurka ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ma'adinai, da magunguna da guba, a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokokin muhalli na ƙasar ma daga sama suka faro, bayan da aka jibge gangunan dattin guba daga Italiya a garin Koko a 1988, sannan aka kafa hukumar kula da muhalli ta NESREA a 2007. Amma ƙasa tana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978, kuma kiwon lafiya, da tsaftar gari, da kasuwanni, da inda za a kafa masana'anta, duk jiha tana da ta cewa. Legas ta yi amfani da wannan dama ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a watan Janairu na 2024.

Buƙatar kuwa ba sai an faɗa mana ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira na jihar Neja. Ba a buƙatar gyaran tsarin mulki kafin majalisar jiha ta hana niƙa dutsen ma'adini a cikin gari, ko ta tilasta wa masana'antun jima na Challawa da Sharada da Bompai su bayyana abin da suke sakewa a magudana duk shekara, kamar yadda Massachusetts ta yi. A nan zan so a fara, domin ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma mai noman rani da ke ban ruwa a ƙasan masana'antar yana da haƙƙin sanin abin da ke shiga latas ɗinsa.

In na ga takardar a jikin kayan da na saya, me zan yi?

Ka duba ko an ambaci sunan sinadarin, sannan ka tambayi kanka wa zai yi amfani da kayan. In abin da zai taɓa abinci ne, ko zai shiga bakin yaro, ko mai juna biyu za ta riƙa shafawa, a haƙura da shi a nemi wani. In waya ce ta lantarki ko kayan gyaran mota, a wanke hannu bayan an taɓa, kafin a ci abinci. Kaskon da rufinsa ya fara ɓarewa a daina soya a ciki, kada kuma a bar shi a kan wuta ba komai. Kada a zuba kunu ko madara mai zafi a tsohuwar fidar da ta yi zane-zane. Rashin takardar kuma ba shaidar aminci ba ne, domin kayan da ba a yi don kasuwar Kalifoniya ba babu mai tilasta musu manna komai.

Ƙanwata ta riƙe jakarta ta yi sallah da ita. Abin da muka yi ittifaƙi a kai shi ne ta daina ajiye ta a kan tabarma, inda 'yarta mai wata tara ke jawo igiyar tana tauna.